Yadda aka karya layi a asibitin yara na Blantyre

Duk wanda ya taɓa kai yaro asibitin gwamnati da damina ya san yadda layi yake. Ka yi sammako ka yanki kati, ka samu ɗan gefen benci ka raɓa, mata sun cika ko'ina kowacce da goyo, wani yaron yana tsala kuka wani ya yi lamo, wanda ya riga zuwa shi zai riga shiga, in kuwa wata ta miƙe ta nufi ƙofa ba a kira ta ba sai ka ji an yi mata caa, baiwar Allah mu da muka zo tun asuba fa? Kowa gani yake wannan shi ne adalci, kuma a banki ko gidan mai adalcin ne. Amma a asibitin yara layi kisa yake yi, kuma ba mai tsala kukan yake ɗauka ba, wancan da ya yi lamo a bayan uwarsa yake ɗauka, ita kuma tana cewa ai barci ne ya kwashe shi.

Lamarin da zan kawo a ƙasar Malawi ya faru, wajen shekarar 2001, a wani asibiti da suka zauna suka sake raba aiki tsakanin ma'aikatan da suke da su, suka koya wa kowa abin da zai yi a minti na farko da yaro ya shigo, mutuwar yaran da ake kwantarwa ta ragu da kusan rabi.

Asibitin da mutanen da ke cikinsa

Sunan asibitin Queen Elizabeth Central Hospital, mutanen garin Queens kawai suke ce masa, yana Blantyre babban birnin kasuwancin Malawi can kudancin ƙasar. Tun 1958 aka buɗe shi zamanin Turawan Ingila, gadajensa sun haura 1,000, kuma a lokacin shi ne asibitin koyarwa na kwalejin likitancin ƙasar wadda sai a 1991 aka buɗe ta. Kafin nan Malawi ba ta da makarantar likitoci ta kanta, sai dai a tura ɗalibai waje, wasu su dawo wasu su yi zamansu. Shi ya sa ko a farkon shekarun 2000 lissafin bai wuce likita 2 ga mutum 100,000 ba. Ga wani abu kuma, gundumar Blantyre ba ta da asibitin gunduma nata daban, to Queens ɗin shi ne babban asibitin da ake turo masu tsananin ciwo daga kudancin ƙasar, kuma shi ne dai wanda matar unguwa za ta goyo ɗanta mai mura ta kawo. Sashen yara kaɗai yana ganin wajen yara 90,000 a shekara.

To wa ke duba su tunda likitocin babu? Waɗanda suke kira kilinikal ofisa, mutum ne da ya yi shekara uku yana karatun duba marasa lafiya sannan ya ƙara da sanin makamar aiki, ba likita ba ne amma shi ke duba mutane ya rubuta magani, wasunsu har tiyatar haihuwa suke yi a asibitocin gunduma. Ƙasa da su akwai mataimaka masu karatun shekara biyu, sai nas-nas. Waɗannan su ke riƙe da lafiyar Malawi. Lokacin kuma ƙanjamau tana tsakiyar cin ƙasar, wajen mutum ɗaya cikin bakwai na manya yana ɗauke da ita, ba ta bar ma'aikatan asibitin ba ma, ga maleriya da damina, ga tamowa lokacin da abinci ya ƙare a rumbu, ga sanƙarau da limoniya.

Shugabar sashen yara a lokacin ita ce Farfesa Elizabeth Molyneux, Baturiyar Ingila likitar yara. Ta fara zuwa Malawi a 1974 ita da mijinta Malcolm Molyneux, shi ma likita ne masanin maleriya, yana cikin waɗanda suka fito da ma'aunin doguwar sumar yara da ake kira da sunan Blantyre, wanda har yau ake amfani da shi a kan yaran da maleriya ta hau musu kai. Sun yi shekara goma suka koma Liverpool, ita ta kama aiki a sashen gaggawa na asibitin yara na Alder Hey, sai 1995 suka sake dawowa. Wannan shekarun da ta yi a Liverpool suna da muhimmanci a labarin, domin ta dawo da idon wadda ta saba ganin an tari yaro tun daga bakin ƙofa, sai ta tarar da abin da mutanen gida sun daɗe da sabawa da shi har sun daina ganinsa. Ai mai ɗaki ba ya jin warin ɗakinsa.

Abin da aka tarar

Akwai kilinik ɗin 'yan ƙasa da shekara biyar, aiki uku ake yi a cikinsa a rufi ɗaya. Nan ake rigakafi, nan ake duba masu ƙananan ciwo a sallame su, nan kuma ake kawo yaron da yake jijjiga ko ya suma. Babu mai tantancewa, kowa layi. Manyan likitoci suna can ciki a ɗakunan kwanciya, domin a tunanin kowa can ne marasa lafiya na gaske suke, waje kuwa aikin ƙananan ma'aikata ne. Tsakanin na waje da na ciki babu wata magana ta kirki, na waje ya rubuta a ba da gado ya tura, na ciki ya karɓa yana mita. Shi na wajen ma ba laifinsa ba ne, mutum ɗaya da ɗaruruwan yara a gabansa ba wanda zai tambaya, in ya ji tsoro sai ya ba da gado ko da yaron bai buƙata ba, gadaje su cika da waɗanda ya kamata a ce suna gida, wanda kuma yake matuƙar buƙata ya iso ciki bayan ya yi awanni a benci ba a yi masa komai ba.

Alƙaluman da likitocin sashen suka bayar da kansu sun nuna kafin 2001, cikin yara 100 da aka kwantar tsakanin 10 zuwa 18 ke mutuwa. Cikin waɗanda suka mutun kuma kashi 36 cikin 100 ba sa cika awa 24 a asibitin.

Wannan na awa 24 ɗin shi ne wurin da ya kamata mutum ya tsaya. Yaron da ya mutu ranar da aka kawo shi yawanci abu kaɗan ne ya ƙarasa shi, kuma kusan duka maganinsu mai arha ne. Maleriya ta sa sugan jininsa ya faɗi, ruwan suga kaɗan a jijiya zai farfaɗo da shi. Jininsa ya ƙone tafin hannu ya yi fari fat, leda ɗaya ta jini. Yana jijjiga ba ta tsaya ba, allura ɗaya ko a matsa masa maganin ta dubura. Limoniya ta hana shi shaƙar iska, oksijin. Gudawa da amai sun tsotse shi, ƙarin ruwa. Duk asibitin yana da waɗannan abubuwa ko mafi yawansu, abin da babu shi ne wanda zai gane yaron a cikin taro ya ja shi gaba kafin lokaci ya ƙure.

Kuma ba Blantyre kaɗai ba ce. A 2001 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 21 na ƙasashe bakwai, har da Habasha da Tanzaniya da Yuganda da Bangaladash, aka samu 14 daga cikinsu ba su da tsarin tantancewa na kirki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun ƙarshen shekarun 1990 ta fara haɗa wani tsari mai sauƙi, ta ɗauko darasin ceton ran yara da ake koya wa likitoci a Ingila ta sauƙaƙa shi ya dace da inda ba likita ba na'ura, aka sa masa suna ETAT, wato tantancewa da dubawa da magani na gaggawa. An gwada shi a Recife ta ƙasar Barazil, aka gwada a Blantyre, kuma tambayar da ake so a amsa ita ce ko nas za ta iya raba yara daidai kamar yadda likita mai horo zai raba. Aka ga za ta iya, ba ɗari bisa ɗari ba amma dai yadda za a dogara da ita. A 2005 hukumar ta buga littafin kwas ɗin, kwana uku da rabi ne kacal.

Me ake koyarwa a kwana uku da rabi

Ana so cikin daƙiƙa 15 zuwa 20 ka kalli yaro ka san inda za ka sa shi, ba awo ba gwaji, ido da hannu kawai. Da farko numfashi, shin hanyar iska a buɗe take, yana kokawa da numfashin ne, leɓe da harshe sun yi shuɗi? Sai ka kama hannunsa, in ka ji ɗumi ka wuce, in ka ji sanyi ƙalau sai ka danna farcensa har ya yi fari ka saki, in ya wuce daƙiƙa uku jinin bai dawo ba ga bugun jijiya da sauri ba ƙarfi, to wannan jini ba ya zagayawa. Sai ka ga ko a farke yake, in ba a farke ba ka kira sunansa, in bai motsa ba ka ɗan matse shi ka ga ko ya ji zafi. Yana jijjiga? A ƙarshe in uwar ta ce gudawa yake, ka duba ido ya faɗa, ka tsunkuli fatar cikinsa ka ga ko ta tsaya ba ta koma ba. Duk wanda aka samu da ɗaya cikin waɗannan ba ya komawa benci, ba maganar kati, ɗauka ake a yi ɗakin ceto da shi ana kiran taimako.

Rukuni na biyu su ne waɗanda ba su kai can ba amma ba za a bar su su jira ba, sai a kawo su gaban layi. Jaririn da bai kai wata biyu ba ko me aka ce yana damunsa, domin su ba sa nuna ciwo sai sun kusa tafiya. Mai zafin jiki rau, wanda ya ji rauni, wanda ya yi fari, wanda ya sha wani abu kamar kananzir ko maganin ƙwari, mai tsananin ciwo, mai haki, wanda ya kasa natsuwa ko ya yi laushi, wanda aka turo da takarda daga ƙaramin asibiti, mai tamowa da ya rame ƙashi da fata, mai kumburin ƙafa biyu, da wanda ya ƙone sosai. Sauran duk layi. Wurare da yawa da launi suke yi, ja da rawaya da kore.

Ka ga babu wani abu a nan da sai mai digiri. Shi ya sa littafin ya fito ƙarara ya ce duk wanda yake fara cin karo da marar lafiya a koya masa, har maigadi da mai yankar kati da masu shara, su san alamomin kuma su san inda za su ruga da yaro. Ni wannan layin ne ya fi burge ni a duk littafin, domin a asibitocinmu maigadi shi ne mutum na farko da uwa ke gani, kuma aikin da aka ba shi shi ne ya hana ta shiga.

Amma ganewa rabin aiki ne. Kwas ɗin yana koyar da abin da za a yi nan take, yadda za ka kwantar da kan yaro iska ta wuce, yadda za ka fitar da abin da ya maƙale masa a wuya, sa oksijin, neman jijiya, in jijiya ta ɓata a huda ƙashin ƙwauri a ba da ruwa ta nan, ruwan suga gwargwadon nauyin yaro, maganin jijjiga, da kuma gargaɗin cewa mai tamowa ba a ɗura masa ruwa kamar sauran yara don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ana yi da 'yar tsana a hannu ana maimaitawa, ba zama a kujera ana kallon majigi ba.

Abin da suka canza

An rufe wurin an yi masa gyara, aka sake buɗewa a watan Janairun 2001 a matsayin sashen gaggawa na yara. Horon ma'aikata ya zo daidai da gyaran ginin. Aka sa nas a bakin shiga, aikinta kenan ta kalli duk yaron da ya shigo. Aka yi ɗakin ceto da kayansa a ciki a shirye, aka yi wurin da za a ajiye yaro na ɗan lokaci a sa masa ido kafin a yanke ko gado ko gida, aka matso da ɗan ɗakin gwajin jini da wurin karɓar magani kusa, don kada uwa ta yi ta zagaya asibiti da yaro a kafaɗa tana neman inda ake gwajin maleriya. Aka kawo babban likita ya zauna a wajen, aka kuma ɗinke tsakanin na ciki da na waje suka zama sashe ɗaya.

In ka duba da kyau, gini da kaya su ne masu sauƙin. Mai wuyar shi ne canza wa mutane matsayi. Nas da ta saba sai an rubuta mata sannan ta yi, yanzu an ce ke za ki ce wannan ya wuce wancan ya jira, kuma in kin ga yana jijjiga kada ki jira kowa ki fara. Wannan iko ne aka ɗauko daga teburin mai duba marasa lafiya aka kai bakin ƙofa, kuma duk wanda ya yi aikin asibiti ya san yadda ake kishin irin wannan iko, kowane rukuni yana gadin iyakarsa kamar gona. Shi kuma babban likita da ya saba zagayen gadaje da ɗalibai a bayansa an ce fito waje cikin hayaniya da kukan yara, wurin da a da ake ganin na ƙananan ma'aikata ne. A ganina wannan na biyun shi ne ya riƙe na farkon. Nas ba za ta yi ƙarfin halin karya layi ta fara magani ba sai ta san akwai babba a kusa da zai mara mata baya, in ta yi daidai ya ce madalla, in ta yi kuskure ya gyara mata ba tare da ya tozarta ta gaban iyayen yara ba. In babu wannan, sati biyu bayan kwas za ta koma yadda take, don ba wanda yake so a ce wa ya sa ki.

Wani abin sha'awa, da ɗakin ceto ya tsaya da ƙafarsa sai tambayoyi suka fara fitowa daga cikinsa. Misali yaro yana jijjiga, jijiya ta ƙi samuwa, me ya fi sauri? A wannan sashen aka gwada ɗiga maganin lorazepam ta hanci aka kwatanta da allurar paraldehyde da suka saba yi, a kan yara 160, Lancet ta buga a 2006, kuma na hancin ya yi aiki. Magani ne da kowace nas za ta iya bayarwa ba sai ta nemi jijiya ba.

Sakamakon, da inda nake da ja

A 2006 Molyneux da abokan aikinta biyu, Shafique Ahmad da Ann Robertson, suka buga abin da ya faru a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga 10 zuwa 18 cikin 100 ta koma 6 zuwa 8. Kason waɗanda ke mutuwa a awa 24 na farko ya faɗo daga 36 zuwa 12.6 cikin 100.

To gaskiya dai a faɗe ta, wannan kwatanta da da yanzu ne a asibiti ɗaya, babu wani asibitin da aka bari yadda yake don a auna. An yi gini an yi horo an kawo babban likita duk a lokaci guda, ba wanda zai iya cewa kaza ne ya kawo kashi kaza. A shekarun nan kuma wasu abubuwan suna canzawa a ƙasar, a 2002 aka shigo da rigakafin Hib wanda ke rage wani nau'in sanƙarau da limoniya, a 2004 aka fara raba maganin ƙanjamau kyauta. Mai son musu yana da abin riƙewa. Amma ni abin da ya sa na yarda shi ne wancan na awa 24. Rigakafi zai rage yawan masu ciwon, amma ba shi da dalilin da zai zaɓi mutuwar ranar farko ya rage ta fiye da ta rana ta uku. Abin da ke taɓa ranar farko shi ne abin da aka yi a bakin ƙofa.

Sannan an sake yi a wani wurin an ga irin haka. A asibitin Kamuzu Central da ke Lilongwe babban birnin ƙasar, wajen 2009 suka yi kusan abu ɗaya, suka sa manyan ma'aikata a kilinik ɗin yara, suka kafa tantancewa, suka ce ba za a tura yaro ciki ba sai an fara yi masa magani ya ɗan daidaita. Mutuwa a kwana biyun farko ta sauka daga 47.6 zuwa 37.9 cikin 1,000 da aka kwantar, mutuwa gaba ɗaya daga 80.5 zuwa 63.4. Bai kai na Blantyre girma ba amma hanya ɗaya ya bi. A wannan asibitin ma daga baya suka ɗauki mutanen da ba ma'aikatan lafiya ba ne suka koya musu auna zafin jiki da numfashi da bugun zuciya, suna bin gadaje suna aunawa, in lissafi ya nuna yaro yana lalacewa su kira mai duba shi, domin nas ɗaya da yara masu yawa ba za ta taɓa zagaye su ba.

Kenya su ma sun ɗauka suka faɗaɗa shi suka kira shi ETAT+, kuma su ne suka yi gwajin da ya fi ba ni haushi da daɗi lokaci guda. Asibitocin gunduma takwas, huɗu aka ba su littattafan ƙa'ida da gajeren horo na lacca aka tafi, huɗu kuma aka ba su cikakken horo, ana dawowa duba su, aka sa wani a cikin asibitin yana bibiya yana tunatarwa. Bayan wata 18 na biyun sun fi na farkon yin aiki bisa ƙa'ida. Kowa ya san haka zai faru, amma har gobe abin da aka fi so shi ne bita a otal, a ci shinkafa da kaza a karɓi alawus da jaka mai tambari a ɗauki hoto, ranar Litinin a koma layi yadda yake.

Kada kuma a ɗauka abin da aka koyar saukakke ne ba ya canzawa. Tsohon darasin ya ce yaron da jininsa ba ya zagayawa a ɗura masa ruwa da sauri, haka ake yi a Turai haka aka koyar a Afirka. Sai a 2011 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna FEAST a Kenya da Yuganda da Tanzaniya, yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani, aka ga waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri kusan 10.5 cikin 100 sun mutu a awa 48, waɗanda ba a ɗura wa ba 7.3. Wato abin da ake yi da niyyar ceto yana ƙara kashewa. Ba a kan masu gudawa aka yi gwajin ba, su har yanzu ruwa ne maganinsu, amma ga mai zazzaɓi sai da aka sake tunani, a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idar ta tsaurara sharaɗin wanda za a ba ruwan. To wanda ya yi kwas a 2008 ba a sake kiransa ba fa? Yana nan yana yin tsohon abu da zuciya ɗaya.

Ga kuma matsalar da ba kwas ɗin da zai magance ta, ka horar da nas yau gobe an canza mata ɗaki, ko ta samu hanya ta tafi Ingila. A farkon shekarun 2000 Malawi ta yi ta asarar nas-nas har sai da gwamnati da masu ba da tallafi suka fito da shirin gaggawa na ma'aikata, wanda a ciki aka ƙara wa ma'aikatan lafiya kashi 52 cikin 100 a kan albashi don su zauna. Duk sashen da ya dogara da horo sai ya riƙa maimaita shi kamar shara, ba a yi sau ɗaya a ce an gama.

In muka waiwayo gida, cututtukan iri ɗaya ne, damina iri ɗaya, benci iri ɗaya. Nijeriya tun 2014 tana da manufar sauke wasu ayyuka ga ƙananan ma'aikatan lafiya a rubuce, kuma a ƙauyukanmu da ma su ke riƙe da asibitocin ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Amma akwai bambanci ɗaya babba da ba a cika faɗa ba, asibitocin gwamnati a Malawi kyauta ne, in nas ta ga yaro ja sai ta miƙa hannu ta ɗauko abin da ke cikin ɗakin. Mu kuwa sau da yawa ko an gane yaron an shigar da shi, abu na gaba takarda ce a miƙa wa uban, Malam je ka sayo wannan, ya fita neman kemis ko neman rance, daƙiƙa 20 da aka yi tanadi a ƙofa ta tafi a awa biyu na neman kuɗin allura. Tantancewa ba ta da amfani in ɗakin ceto babu akwatin magani da za a fara yi da shi a yi maganar kuɗi daga baya.

Sai kuma su matan bencin. Duk ranar da ka fara karya layi sai an ce ka yi son kai, ko ɗan'uwanka ne ko an ba ka wani abu, don abin da suka saba gani kenan in an shigar da wani ta gefe. A Blantyre wajen 2012 aka kai tsarin ƙananan asibitocin unguwanni, aka sa tambayoyin a wayar hannu, ƙananan ma'aikatan lafiya suna bin benci suna duba yara ɗaya bayan ɗaya wayar tana nuna ja ko rawaya ko kore. Sunan da aka sa wa abin shi ne Chipatala Robot. Chipatala asibiti ne da yaren Chichewa, robot kuma a can kudancin Afirka shi ne danjar kan titi, wato danjar asibiti kenan. Ba sai an yi wa uwa dogon bayani ba, ta san me ja yake nufi, kuma ta ga an taɓa nata ɗan an duba shi kafin a ce ta zauna. Wadda ta samu kore za ta iya kai azahar a bencin, ita da ta zo tun asuba, tana kallo ana wucewa da na wadda ta zo yanzun nan.